Taragon Baffa Cindo

Baffa Cindo na da yatsu shida a hannun hagu.
Ya ce na shidan don ƙirga zabi aka ba shi.
Shekara goma sha ɗaya yana kwana a tarago,
daga Malam Madori har Ikko,
shi da kaji ɗari huɗu da buhun dusa.

Yau ga shi a gindin darbejiya, bayan tsohuwar tasha,
da reza da sillen kara da ƙayar aduwa.
Yana fere totuwa kamar mai yi wa jariri aski.
Murfin kwalba takwas, su ne ƙafafu.
Wayar tsohon rariya, ita ce taga.

Na ce, Baffa, motar kara ce?
Ya harare ni.
Ya ce mota ba ta da hawa biyar.
Duba nan: zakaru a sama, don su ba sa jin kunya,
zabi a tsakiya, ka rufe musu ido da buhu,
agwagi a ƙasa saboda ƙazanta.
Wannan ɗan lungun da ko babban yatsanka bai shiga,
nan nake shimfiɗa tabarma.

Ya yanka gwangwanin madara ya yi kaskon ruwa.
Ya ce a Minna ruwa ya taɓa yanke masa,
kaza sittin suka buɗe baki suna kallonsa,
ya sayar da agogonsa ya sayi garwa biyu.
A gadar Jabba kuwa wani jan zakara ya yi cara
tsakar dare,
har yau bai san abin da ya gani ba.

Da ya gama, ya aike ni kamun fara.
Muka zuba goma sha uku, ya saka sakata da tsinke.
Suna ta tsalle suna bugun waya.
Ya kara kunne, ya girgiza kai:
sautin bai kai ba, kuma babu warin.

Duk da haka ya ɗauka da hannu biyu,
ya kore akuyar Gwaggo Hansai daga kan dogo,
ya ɗora shi a kan ƙarfen da ya yi tsatsa,
gabansa na duban kudu.

Sai ya ce in yi masa usur.
Na sa yatsu a baki na busa.
Kajin unguwa suka ɗaga kai.