Gatarin Nomau

Shekara talatin Nomau na hawan ɗorawa a Kiyawa.
Kafin ya sari reshe sai ya ƙwanƙwasa,
ya kasa kunne kamar mai sayen tulu.

Bana yaran Ɗanliti suka zo da zarto mai inji,
babur biyu, galan ɗin fetur.
Aikin kwana uku,
sun gama kafin azahar, a rabin kuɗi.
Sun yi wa tsamiyar kasuwa ƙwal-kwabo,
masu goro sun koma bin inuwar bango.

Daren jiya ɗansa ya ce,
"Baba, ana ba da hayar injin a Dutse."
Bai tanka ba.
Ya jiƙa ƙotar gatarinsa a kwatanniya, ya kwanta.

Da asuba, yana ɗaura igiya a ƙugu,
ya ce, "Nawa ne wuni?"