Daƙiƙa Biyu a Anglesey

Ruwa ya ɗauke da hantsi,
kwalta na sheƙi kamar bayan tarwaɗa.
Sabuwar mota, ƙuguna daf da ƙasa.

Zagayen farko: minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da shida.
Alwyn ya ɗaga allo, ya taɓe baki.

A kwanar da ke kallon teku
bayanta ya nemi zamewa,
sitiyari ya raɗa wa tafina
tun ido bai gani ba.
Na sassauta ƙafa.
Ta dawo hayyacinta.

Zagaye na tara: arba'in da huɗu.
Duk gumin nan, daƙiƙa biyu!

Tumakin bayan shinge ba su ɗago kai ba.
Birki na ƙauri.
Yatsuna na rawa,
sun kasa kwance hular kwano.