Makullai Bakwai

Shekara goma sha tara ina kwana da makullai a ƙarƙashin matashi,
bakwai, a igiyar fata guda.
Gidan burodina na Kurna
ba ya numfashi sai na buɗe masa baki.

Yis za a auna? A jira Alhaji.
Mai itace ya zo? A jira Alhaji.
Ni kuwa jiran nan daɗi yake mini,
kamar fura mai sanyi da tsakar rana.

Sai ƙafa ta kumbura. Suga, in ji likita.
Kwana goma sha ɗaya a Asibitin Murtala,
makullai a aljihu, riga rataye a ƙusa.
Tanda ta huce.
Kwaɓi ya yi tsami.
Masu shayin Ƙofar Ruwa suka sauya gida.
Samari tara, kowa da hannu biyu,
sun jeru a benci suna jiran mutumin da ke kwance.

Dare na shida Tasi'u ya zo dubiya da lemo a leda.
Ya daɗe yana kallon rigar.
Bai roƙa ba, ni ne kunya ta kama.
Shekara takwas yana gaban wuta,
da bayan hannu yake gane zafin tanda,
ban taɓa ce masa "me ka gani?" ba.

Na ari reza a gadon maƙwabci,
na yanke igiyar.

Na sito, Tasi'u.
Na akwatin kuɗi, Mudi, wanda nake kira yaro
alhali 'yarsa ta shiga firamare.
Na kurkura, Ɗanliti.
Sauran na ce su raba, kada a dawo a tambaye ni.

Ba zan yi ƙarya ba, an yi ɓarna.
Mudi ya sayo fulawa buhu uku a Singa, ruwa ya taɓa ta.
Na ciji harshe har na ji gishirin jini.
Yanzu ba ya biyan sisi
sai ya cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu.

Jiya na leƙa ta taga,
Tasi'u ya miƙa wa Nazifi mai wankin faranti ma'auni,
ya koma gefe, ya harɗe hannu a baya
don kada ya karɓe.

Aljihuna ya yi sakayau, har yanzu ina shafa shi.
Da asuba, a hanyar masallaci,
ƙamshin burodi kan tare ni a lungu,
burodin da ba a tambaye ni ba,
kuma ya gasu.