Ƙarfe Huɗu a Agege

Sai ƙarfe huɗu ake buɗe tasha.
Kafin nan ba komai a akwatin sai yayyafi,
mu kuwa tuni mun dirje ƙafa a bakin famfo,
don Alhaji Cindo mai goro
ba ya barin mai kaushi ya taka masa leda.

Akwati mai ƙafa huɗu, mai ƙofa kamar kabad,
shi kaɗai a layinmu na bayan titin jirgi.
Mu sha tara, in an ƙirga goyon Ladidi.

Sai ga Anti Rolake,
ɗaurin kai ya kai faifai, wushirya a gaba,
da kunkurunta na tsohuwar safa
mai tari in zai yi ƙarya.
Turancinta rabi muke tsinta,
rabin kuma gira ke fassara mana.
Baƙi da fari muke ganin ta,
amma mun sha dambe kan launin zaninta:
na ce shuɗi, Tanko ya rantse ja ne.

In jirgin Kano ya gifta, hoto ya hau rawa,
Tanko ne ke hawa kwano ya murɗa eriya.
"Ya yi?"
"Bai yi ba!"
"Ya yi?"
"Tsaya nan, kar ka motsa!"
Labari nawa ya ƙarasa ji daga sama, ta ramin kwano.

Na taɓa aika mata wasiƙa
da kan sarki na kuɗin ƙosai.
Sati bakwai shiru.
Ran nan ta ɗaga takardar, ta dubi cikin idona:
"Dairu, daga Agege."
Ɗahiru ne, Anti, amma na yafe.
Har na yi gemu layinmu bai maido min sunan ba.

Yanzu jikata na shafa waya da yatsa,
fuska dubu, ba mai jiran ta amsa gaisuwa.

Bara, a asibitin Idi-Araba,
kan bencin masu jiran awon ido,
wata tsohuwa ta yi wa wani yaro mai kuka
tari irin na kunkuru.
Yaron ya yi shiru. Ni ma.
Aka kira lambarta kafin in haɗa bakina.

Zaninta kore ne.
Tanko ya kwanta dama shekara tara,
ba ni da wanda zan faɗa wa
ashe duk mun faɗi.