Zango Tara a Kan Tabarma

Ruwan Agege ya tsare mu a ɗaki.
An ɗauke wuta, fitilar caji na lumshe ido.
Na shimfiɗa taswirar Sifen a kan tabarma,
na danne kusurwa ɗaya da kofin shayi,
ɗaya da kwalbar man zafi.

Barira ce ta ce a waya:
Baba, zan karɓi hutu, zan ɗauki motar haya,
kwana tara, tuƙi nawa, tsara hanya naka.
Shekara talatin da ɗaya kana sauke tumatir a Ikko,
wa zai koya maka zango?

To, bismilla.
Madrid ce tasha. Daga nan Toledo,
tazarar da ko Ibadan ba ta kai ba,
gari bisa dutse, kogi ya yi masa ɗamara.
Na ce mu wuce, inji ma bai ɗau zafi ba.
Tasalla ta ɗora yatsa mai lalle a kan sunan:
Nan zan kwana.

Masaukan nan da 'yarmu ta turo hotunansu
ba su san siminti ba.
Wannan ganuwar mayaƙa ce, aka sa mata gado da tawul.
Wancan gidan masu zuhudu ne,
shirun da suka bari har yau yana zaune a soro.
Bango kamu uku, taga kamar ramin kura,
rijiya a tsakar gida, lemo ya sunkuya yana kallon kansa.

Na juya kuɗin dare ɗaya zuwa naira,
na juya nairar zuwa kwandon tumatir,
sai na ajiye fensir, na kurɓi shayi.
Barci ai barci ne, na ce.
Ni da na kwana ƙarƙashin tirela a Mokwa,
kwali ne katifa, sauro ne mai gadi,
na kwana a Jebba ina jiran gada,
na kwana a Tegina da tayar da ta fashe,
ga ni, ban ragu ba.

Ba ta ɗaga murya ba.
Mokwa, ta ce. Jebba. Tegina.
Na san su kamar yadda na san Kurɗuba ɗin nan,
a kunne.
Kai kana hanya, ni ina bakin ƙofa da yara,
ina ƙirga kwana da ƙwayar masara.
Ko sau ɗaya ban zauna gaban mota kusa da kai ba.

Ruwa ya ci gaba da dukan kwano.
Wani janareto ya yi tari a maƙwabta, ya mutu.

Na ɗauki fensir.
Toledo, dare ɗaya.
Kurɗuba, dare biyu, don ta ga ginshiƙan nan
da aka ce sun jeru kamar gonar dabino.
Ishbiliya, mu isa kafin la'asar,
ba na son shiga baƙon gari da duhu.
Ronda, inda gada ta taka bakin kwazazzabo,
na rubuta: a duba birki.
Garnaɗa, ta ce tana son ɗaki mai kallon dutse,
ko da dutsen bai san da ita ba.

Saura kwana ɗaya, na rasa inda zan kai shi.
Bar shi haka, in ji ta,
wata ƙila mu ga wani ƙauye da bai shiga takarda ba,
mu tsaya, mu sayi burodi da nuni.

Biza ba ta fito ba tukuna.
Talata za mu bi layi da fayil a hammata.
Amma da asuba, kafin ɗanfo ya fara kiran Oshodi,
na tarar ta riga ni tashi,
tana zaune gaban taswira da gilashina a hancinta,
tana bin layin fensir da yatsa, a hankali,
tana tsayawa a kowace kwana.