'Yar Fitilar Gefe

Ƙarfe goman dare a Samaru.
Janaretan maƙwabci na tari kamar tsoho,
ni kuma ina kan tabarma
da kwamfutar Yaya Rakiya bisa cinyata,
yau na ciro ta daga akwati.
Gobe sha biyun rana za a rufe rajistar jarrabawa.
Allo ya kawo, madannai na amsawa,
amma 'yar fitilar waifai
ta kafe a ruwan goro, ta ƙi komawa shuɗi.

Na kashe, na kunna.
Na sake kashewa, na ƙirga ashirin, na kunna.
Na zare batir na hura masa iska
yadda Inna ke hura garwashi.
Na danne madanni biyu a tare,
mai zanen eriya da ɗan'uwansa na ƙasa,
har farcena ya yi fari.
Na leƙa ko alamar jirgin sama ce ta hau,
jirgi na ƙasa, bai tashi ba.
Wayata na gefe tana miƙa data
kamar mai rabon sadaka a titin da ba kowa.

Da sassafe na bi bas, ta Kwangila, zuwa PZ.
Tanimu mai gyara ya juya ta, ya shinshina ta,
ya ce direba ne ya gudu.
Na ce wane direba, mota ce?
Bai yi dariya ba. Ya loda wani,
fitila na nan yadda take.
Ya ce to katin ciki ne ya ƙone,
dubu tara, kuma sai an aiko daga Kano.
Dubu biyu ce a aljihuna, har da kuɗin komawa.
Ya ɗauko sukundireba zai kwance bayanta,
na riƙe masa hannu.
Akwai sitikar fure a kan kusar, rabi ta goge,
ita ta manna.
Na ce bari kawai.

Sha ɗaya saura na shigo gida.
Ummita, 'yar da ta bari, shekara shida,
na cin ɗanwake a bakin ƙofa.
Ta dube ni, ta dubi jakar.
Ta ce, Kawu, ka tura abin nan?
Wane abu?
Ta goge mai a jikin rigarta,
ta laluba gefen hagu, kusa da ramin abin kunne,
wani ɗan makunni, bai kai ƙwayar wake ba.
Ta ce Umma takan kashe shi
in za ta ba ni in kalli katun,
wai kada in shanye mata data.

Ƙis.
Shuɗi.

Wata bakwai ke nan yana kashe.
Wato hannun ƙarshe da ta miƙa wa
na 'yarta ne, kafin a wuce da ita Shika.

Sai saƙonni suka ɓalle,
ƙilin, ƙilin, ƙilin,
kamar ɗigon indararo cikin bokitin ƙarfe,
ɗari biyu da sha ɗaya.
Malama, muna jiran babi na huɗu.
Malama, an ɗage taron zuwa Laraba.
Banki na taya ta murnar ƙarin shekara.
Wata ƙawa daga Funtuwa: kin yi shiru, lafiya dai?

Ummita ta ce, wa ke kiran Umma?
Na ce mutane ne, ba su ji ba tukuna.
Ta gyaɗa kai, ta koma kan ɗanwakenta.

Sha ɗaya da minti arba'in.
Na buɗe shafin rajista,
na rubuta sunana, sau biyu ina kuskure,
na tura, ya tafi.

Sannan na ɗora babban yatsa a kan makunnin,
ya yi sulɓi inda nata ya sha zama.
Wani saƙon ya sake shigowa.
Aka kira azahar a masallacin layinmu,
ina nan zaune, ban tura shi baya ba.