Takardar Jinin Inna Tasalla

Tsakiyar bazara, Kano na neman inuwa kamar kuɗin cefane,
Inna Tasalla ta nemi bargo.
Muna zufa a soro, ita tana rawar ɗari.
Koko ya huce a gabanta,
magana ta yi mata nauyi kamar dutsen niƙa,
gashinta yana bin mataji.
Maƙwabta suka ce sammu, wasu suka ce tsufa.
Shekararta arba'in da uku.

A asibitin Nassarawa, bayan layi ya cinye mana hantsi,
Likita Hansatu ta dubi takardar jini,
ta tambayi sana'ata.
Na ce yaron shago ne a Kwari.
Ta ce, zauna, ai ka san rabin karatun.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa, in ji ta, akwai wani maigida,
bai fi ƙwallon dabino ba.
Ba ya leƙa kasuwa, jini yake saurara.
In ya ji kaya sun yi ƙasa
sai ya ɗiga saƙo ta wata 'yar siririyar hanya
zuwa ga dillalin da ke rataye ƙarƙashinsa.
Dillali ya saki nasa kiran cikin jini
har wuya, inda masaƙa take,
shimfiɗe a gaban maƙogwaro kamar malam-buɗe-littafi.
Da zaren aidin take saƙa ɗumin jiki,
da saurin zuciya, da kuzarin tashi da asuba.
In kaya sun cika rumfa, labari ya koma sama,
maigida ya tsuke baki, dillali ya zauna.

Ta ɗora biro kan lamba biyu.
Wannan dillali ne, ya haura,
wata da watanni yana ƙwala kira.
Wannan masaƙa ce, ta faɗi.
Ba a daina aike ba, injin ne ya gaji.

Ƙwaya ɗaya, ƙarama kamar gero,
bayan sallar asuba, kafin koko.

Mako na bakwai na dawo daga kasuwa
na tarar da bargon a kan igiya,
Inna na faɗa da mai ruwa kan naira hamsin,
muryarta har bakin lungu.
Ban taɓa jin daɗin faɗa haka ba.

Yanzu in Alhaji Sabi'u ya bugo daga bene
ya ce shadda ta ƙare, a kira masu kawowa,
nakan amsa da to,
hannuna na shafa wuyana.